Kujerata a Gefen Teburin Sylvia

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Yau an ɗauke mini rajista. Shekara ashirin da shida ina rubuta sunayen yaran rigakafi a asibitin nan namu na Sundimina, yanzu wai a na'ura za a riƙa sa su, wani allon gilashi da ake dangwalawa da yatsa. An turo wata Sylvia daga Birnin Kudu ta riƙe shi. Malam Abdulnasir, incajinmu, ya ce wanda bai iya ba zuwa ƙarshen Yuni za a iya canja masa wurin aiki, har Farin Dutse ta Gwaram aka ambata. To idan na tafi, wa zai riƙa juya maigidana a shimfiɗa? Shekara biyu ke nan ɓarin jikinsa ya shanye.

Alhamis, 9 ga Mayu

Na gwada. Rubutun ƙanana, ido ya ƙi. Na ce kaina ke ciwo.

Talata, 14 ga Mayu

Ranar rigakafi. An ajiye ni a bakin ƙofa ina awon nauyi, kamar wadda ta zo jiya. Sylvia na jin Hausa sarai, a Kano ta tashi, amma ba ta san mu ba. Na'urar ba ta wucewa sai an sa sunan yaro da na uba. Nasiha, matar Ishiyaku mai faci, ta zo da ɗanta na fari, wata tara, allurar ƙyanda. Sylvia ta ce, "Sunan yaro?" Shiru. "Sunan mijinki?" Nasiha ta sunkuyar da kai. Yo wace ce a nan za ta buɗe baki ta kira sunan ɗan fari ko na miji a gaban jama'a? Katin rigakafin yaron kuma ta baro shi a gida. Sau uku ana tambayarta, mata suka fara dariya ƙasa-ƙasa, ta saɓa goyonta ta fice ba allura.

Na san sunan. Na je sunan yaron ma, har na ci tuwo. Na yi shiru, don in ga yadda allon zai yi in babu ni. Allah Ya yafe mini.

Talata, 21 ga Mayu

Mata goma sha ɗaya kacal, inda a da muke yin arba'in. Ba shuka ce ta hana su ba, magana ce ta zaga. Kuma an ce ƙyanda ta ɓulla wajen Kangire.

Laraba, 22 ga Mayu

Na kasa cin abinci. Bayan an tashi na shiga ofishin Malam Abdulnasir na faɗi komai, har da maganar idona. Na zaci faɗa zai yi. Sai ya kira Sylvia. Ta dafe ƙirji ta ce, "Inna Raliya, wallahi na zaci raina ni suke yi." Ni ma kuwa haka na zata game da ita.

Shi da kansa ya ɗauki kujerata ya kai ta gefen teburinta, ta wajen taga. Ya ce ni zan riƙa faɗin suna a hankali, ita ta sa. Bayan azahar kuma minti goma-goma ta koya mini. Iyakar abin da aka canja ke nan.

Talata, 28 ga Mayu

Da kaina na je na taho da Nasiha, an yi wa yaron allura. Mutum ashirin da tara yau. Sylvia ta ƙara wa rubutun girma, ashe ana iyawa. Yarinyar ba ta da laifi, sai dai sauri.

Talata, 25 ga Yuni

Malam Abdulnasir ya zauna ya ce in gwada a gabansa, yau zai tura sunayen waɗanda suka iya. Sylvia ta buɗe shafin gwaji ta ce in sa kowane suna na ga dama. Ban san yadda aka yi ba, yatsana ya rubuta na ɗana na fari. Wanda ƙyanda ta ɗauke yana da wata goma, kafin in fara aikin nan. Ban taɓa furta shi ba, ko a littafin nan babu shi.

Kullum Sylvia takan karanta abin da na sa da ƙarfi don ta gyara mini. Yau ta duba, ta dube ni, ta rufe bakinta. Ta ce, "Daidai ne, Inna."

An sa sunana cikin waɗanda suka iya. Ba wai na so allon ba ne. Amma na ce wa Sylvia kar ta goge sunan ɗan nawa tukuna.