Lambar da Ta Dawo wa Inna da Jin Ƙamshi

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigida da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a neman da kuke yi a can. Mu nan kowa lau, sai kewarki. Baba yana nan yana faɗa da rediyonsa kamar yadda kika bar shi.

Yaya, yau dai sai kin janye tsokanar da kike min, wai na yi karatun lafiya na ƙare da buga lambobi a ɗakin fayil mara taga. Kin san ciwon Inna: hanci a toshe, goshi da kumatu kamar an ɗora mata dutse. Wata goma sha huɗu ba ta jin ƙamshi ba ta jin wari. Duk zuwa asibitinmu sai a ce kumburin kogon hanci ne, a ba ta ƙwayoyin mako guda, ta ji dama-dama, ya sake dawowa. Ta rame, ta ce komai ta sa a baki kamar takarda take taunawa. Ba zan ɓoye miki ba, na tsorata.

Ranar zuwanta na tara, da izininta na buɗe fayil ɗinta. Aikinmu shi ne mu karanta abin da likita ya rubuta, mu ba cutar lambarta. Wannan ciwon lamba biyu gare shi: J01 ta sabon kamu, J32 ta wanda ya wuce mako goma sha biyu ya samu wurin zama. A asibitinmu sai da ta biyun ake tura mutum hoto da wajen likitan hanci. To Inna kullum likita daban take tararwa, kowa ya rubuta sabon kamu, mu kuma mu buga J01. Sau biyu ma da yatsuna na buga, don lambar kati muke bi, ba ma kallon suna. Na ji kunya kamar in nutse.

Ba ni da ikon taɓa lamba sai likita ya rubuta. Na jera ranakun tara a takarda ɗaya, na tsaya ƙofar likitan da ya duba ta ranar har layi ya ƙare. Ya fara da cewa shi ba ya ɗaukar darasi daga ɗakin fayil. Na miƙa masa takardar. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce a kawo Inna gobe. Washegari ya duba ta sosai, ya gyara rubutu da hannunsa, ni kuma na buga J32. Hoto ya nuna tsiro a cikin kogon, aka yi mata ɗan aiki aka cire. Yanzu likitan nan shi ke fara gaishe ni a baranda.

Jiya da hantsi tana gyaran akwati ta ci karo da mayafin da kika bari. Na ga ta kai shi hanci, ta yi tsai. Sai ta ce, "Auta, turaren yayarki na nan." Ta zauna bakin gado tana kuka tana dariya, ni ma na taya ta.

Ki gaishe min da maigida, da yaranki, Sarkin Rigima da ƴar takwarata. Baba da Gwaggo Mai Keke suna gaishe ku. Inna ta ce in faɗa miki kada ki kuskura ki canza turaren nan kafin ki zo.

Taki ƙanwa,
Auta mai buga lambobi