Tantuna a Makiyayar Baba

Yaya Gráinne,

Gaisuwa mai yawa daga Ostareliya. Ya ƙafar Baba? Ya Mama, ya ruwan saman Donegal da ba ya gajiya?

Na ga hotunan da kika turo, har yanzu mamaki bai sake ni ba. Wai makiyayarmu ta bakin teku ce kika cika da tantuna, kowanne da gado da murhu? Kuma mutanen birni su niƙo gari su zo su kwana inda tumakinmu ke kwana! Me suke yi idan iska ta taso?

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bishiyar ƙayar nan ta tsakiyar fili. Kin san ko reshenta ba a karyawa, Kaka ta ce ta mutanen ɓoye ce. Da gaske wani baƙo ya shanya wandonsa a kanta, Baba ya biyo shi da sanda yana cewa, "Kai ɗan birni, ta girmi kakanka"? Don Allah kada ki bari a taɓa ta.

Ni lafiya lau. Aikin ginin ne ya ɗan tsaya, na saki ɗakin haya, amma kada Mama ta ji. Nan babu sanyi, kuma tantin da na samu ba ya yoyo sosai.

Allah ya sa albarka. Ki ajiye mini tantin da ke kusa da bishiyar. Ba sai da gado ba, na saba.

Ƙaninki,
Fiachra