Ranar da Surukinki Ya Ce Bai San Kawu Bukar Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Iya Falmata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan Allah Ya yalwata miki makwancinki. Akwai maganar da na daɗe ina son faɗa miki game da surukinki, Baban Hauwa, nauyinta ya hana ni.

Kin san yadda kika riƙe shi. Ba ki taɓa kiran sunansa ba. In ya zo gaishe ki a gidanmu na Zaitawa, sai ki ja mayafi ki kau da kai, ki sa a dama masa fura. A jinyarki ta ƙarshe kika ce masa, “Malam, ban haifi namiji ba. Kai ne namijin gidan nan.” Ya durƙusa ya ce ya karɓa. Shi ya sa muka dawo gidan da zama bayan rasuwarki.

Ba a daɗe ba rikicin Borno ya tsananta. Ƙaninki, Kawu Bukar mai ɗinkin hula, ya baro Maiduguri da matarsa Yagana da 'ya'yansu mata uku. Na buɗe musu ɗakinki.

Kano ma a lokacin ba lafiya. Ko'ina shingen bincike, kowa na tsoron baƙo, balle wanda aka ji Barbarci a bakinsa. Mai unguwa ya kafa kwamitin tantance baƙi, aka naɗa surukinki sakatare. Ƙa'idar ɗaya ce: baƙo zai zauna in wani ɗan unguwa ya tsaya masa.

Wata Asabar da hantsi aka kira Kawu ƙofar gidan mai unguwa. Ya fita da fara'arsa, don ya san wanda ke riƙe da biro. Da aka tambayi wa zai tsaya masa, Iya, sai surukinki ya sunkuyar da kai kan takarda ya ce, “Dangin matata ne. Ni dai ban san shi ba, ban san abin da ya baro a can ba.”

Kawun da ya taso tun daga Maiduguri ya yi min walicci, ya ba shi aurena da bakinsa.

Ba ma Kawu ne ya gaya min ba, matar liman ce. Kwana uku aka ba su su bar unguwar. Ni kaɗai na raka su Ƙofar Nassarawa suka hau mota, suka nufi Haɗeja. Abin da ya ce min kawai shi ne, “'Yata, tsoro ne. Koma ɗakinki.” Kafin damina ta zagayo ya rasu a can. Sai bayan an binne shi labari ya iso mana.

Na tambayi Baban Hauwa sau ɗaya. Ya ce in wani abu ya faru shi za a fara kamawa, kuma idon mutane na kansa. Har yau bai ce ya yi kuskure ba.

Yanzu shi ake kira sulhu a unguwa, shi ake turawa neman aure. Ina dafa masa abinci, ina gaishe shi da safe. Tsoro kam ni ma na ji shi, Iyata. Da a gaban mutanen nan ya ce tsoro yake ji, da tuni na yafe. Kuma ban wanke kaina ba, tunda ni ma na koma ɗakin.

Bayan Sallah za a ɗaura auren jikarki Hauwa. Na kira Inna Yagana a waya, na roƙe ta ta zo. Ta ce za ta zo saboda ke, amma a nema mata masauki a maƙwabta.

Na nema mata.

Allah Ya jiƙan ki, Ya jiƙan Kawu, Ya haɗa ku a Aljanna. Ni kuma Ya sanyaya min zuciya, don har yanzu ta ƙi.

'Yarki,
Zara