Bugu Biyar na Baba

Litinin, 1 ga Mayu

Baba ya goge babur ɗinsa, ƙirar Norton, sau biyu yau. Haƙoransa kuwa sai da na tuna masa.

Ranar Asabar ce tafiyar shekara ta kulob ɗin masu tsofaffin babura, daga Bulawayo zuwa Gwanda. Ya yi ta sau arba'in da tara. Wannan ce ta hamsin, wadda ake ba mutum ɗan faifan tagulla ya liƙa a gaban babur. Shekarunsa saba'in da tara. Likita ta ce kada ya hau. Ya ce likitar ba ta kai tayoyinsa shekaru ba.

Laraba, 3 ga Mayu

Na tashi daga jami'a da wuri na kai shi taron kulob. Tsofaffi goma sha biyar a rumfa ɗaya, kowa na warin baƙin mai, kowa na jiran wani ya riga shi mutuwa ya sayi kayan gyaransa a hannun matarsa.

Mista Swanepoel, shugabansu, ya karanta dokar kamar ba su haddace ta ba. Kowa zai tayar da babur ɗinsa da ƙafarsa, injin a sanyaye, a gaban jama'a. Bugu biyar. Da zarar an busa usur, ba mai taɓa maka, ba mai ce maka uffan. In bai tashi ba, ka koma gida.

Mkandla, abokin Baba tun suna aikin jirgin ƙasa, ya ɗaga murya ya kira Baba da sunansa: "Dlodlo, bana wa zai ara maka gwiwa?"

Baba ya ce, "Matarka. Ita ke tura naka kowace safiya."

Aka yi dariya har da tari. Haka suke nuna ƙauna, ina tsammani. Ban taɓa ganin wata iri ba a wurin Baba.

Juma'a, 5 ga Mayu

Baba ya kira ni da sunan Mama sau biyu. Babur ɗin dai bai taɓa kuskuren sunansa ba.

Na tuna ranar da na karɓi digirina na farko. Mama ita kaɗai a kujera, jakarta a kan kujerar da ke kusa, wai tana tsare masa wuri. Yana Gwanda. Tafiya ta ashirin da uku.

Asabar, 6 ga Mayu

Zan rubuta yadda ya faru, tunda ba mai karantawa.

Sanyi da safe. An jera babura a filin ƙwallo. Ina tsaye gefen Baba riƙe da hular kwanonsa, yana sa safar hannu. Sai idona ya sauka kan ɗan famfon mai da ke ƙarƙashin tanki. A rufe yake. Shekara arba'in ina kallonsa ta tagar kicin: ya sunkuya, ya murɗa famfon, sannan ya hau. Bai taɓa mantawa ba. Yau ya manta.

Ba a busa usur ba tukuna. Ina da minti guda cur. Kalma biyu ta isa: Baba, famfo.

Na miƙa masa hular.

Aka busa usur. Bugu na farko, shiru. Na biyu ya kama, da ɗan man da ya rage a kafireta. Ya yi ruri, Baba ya ɗago kai yana neman idon Mkandla. Sai injin ya shaƙe ya mutu. Na uku. Na huɗu ƙafarsa ta zame, ya faɗa kan tanki da ƙirji. A lokacin duk sun gani. Na ga idanunsu suna zuwa kan famfon suna dawowa. Tsofaffi goma sha biyar sun yi gum, wai doka. Wani ma yana ɗaukar bidiyo.

Na biyar ko ƙasa bai kai ba.

Swanepoel ya ce, "Yi haƙuri, Dlodlo. Doka ce." Ya ja layi a takardarsa.

Mkandla ya taho a hankali, ya sa yatsa ɗaya ya murɗa famfon, ya buga sau ɗaya. Norton ya tashi kamar ɗan shekara biyu.

"Babur lafiya lau yake, tsoho. Mai shi ne ke bukatar gyara."

Wannan karon Baba bai rama ba. Ya cire safar hannunsa yatsa bayan yatsa. Muka tsaya har na ƙarshensu ya fita ƙofa, don ya ƙi motsawa.

Na ceci ransa, haka zan gaya wa likita. Hanyar Gwanda duk ramuka ce da manyan motoci. Gaskiya ne kuma. Amma a bugu na huɗu wani abu ya yi mini daɗi a ƙirji, kuma ba tunanin ramuka nake yi ba.

Lahadi, 7 ga Mayu

Bai je coci ba. Bai shiga gareji ba. Ya ci loma uku na tuwon masara ya ture kwanon.

Alhamis, 11 ga Mayu

Bidiyon ya zagaya. Wata ɗalibata ta nuna mini a waya, tana dariya, ba ta san ko wane ne ba. Na ce mata ta fi kyau in tana karatu.

Da rana Mkandla ya bugo, wai in ana son rabuwa da babur ɗin, shi zai riƙe shi da mutunci. Kwana biyar. Ungulu ma takan ɗan yi shawagi tukuna.

Da yamma Baba yana zaune a baranda da bargo a gwiwa. Bai dube ni ba ya kira sunana, ya ce, "Sikhangezile. Kina kusa da ni ranar nan. Ke ma ba ki lura ba?"

Na ce, "Ni me na sani game da babur, Baba?"

 Ya ce, "Haka ne. Ban taɓa koya miki ba."

Da ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

Talata, 23 ga Mayu

A ofis sun tambaye ni me ya sa nake ɗingishi. Na ce ƙofa na buge. Ba wanda ya gaya mini ƙarfen kik na babur yana ramawa in an buga shi da tsoro. Ƙwaurina ya yi baƙi har idon sawu.

Kullum ƙarfe biyar Baba yakan sa in kai masa kujera gareji. Ina buga babur ɗin, yana zaune yana zagina. "Da nauyinki za ki faɗa masa, 'yar boko, ba da ra'ayinki ba! Ƙafa kamar ta kaza." Jiya ya kama a bugu na goma sha ɗaya. Bai yaba ba. Ya ce na zarce doka da bugu shida.

Na ce wa Mkandla ba na sayarwa ba ne, don kawai in ji yadda muryarsa za ta yi.

Na kuma rubuta wa Swanepoel ina tambaya ko dokarsu ta hana mahayi ya goya mutum a baya, kuma ko ana ƙirga wa na bayan tafiyar. Tambaya ce kawai. Ina son sanin yadda dokoki suke.