Inna, takwararki na son tsaga taɓaryarki

Inna! Salamu alaikum a inda kike kwance. Allah ya sa kina cikin ni'ima. Ni ce Balki, 'yarki ta Amirka. Masu karantawa ku yi haƙuri da rubutuna, karatuna na lakwal bai yi nisa ba, yadda magana ta zo bakina haka nake danna ta.

Inna tun safe na kasa zama. Na share kicin na sake sharewa, na ɗora shayi na manta da shi har tukunya ta bushe. Takwararki ce, 'yata Ummi. Taɓaryarki take so. Kuma ba daka za ta yi da ita ba, tsaga ta za ta yi.

Tsaya in faɗa miki daga farko, don kin bar ta tana rarrafe. Yanzu ta zama mace, asibiti take aiki. In ta taso sai gareji. Jita take ƙerawa Inna, da hannunta. Irin ta lantarki mai ƙatuwar murya, bes suke ce mata, in an kaɗa a ƙirji kike jin ta. Motata a waje take kwana saboda jitar nan. Ta yanka gangar jikin daga katako, ta goge, ta goge, har ƙura ta shiga mini cikin tuwo. Ta fafe ramuka ta saka wasu abubuwa masu maganaɗisu da ke kama sautin tsirkiya, ta liƙa wayoyi da dalma, gida duk ƙauri.

Wuyan ne ya hana mu barci. Jitocin mutane akwai 'yan ƙarafa a gicciye a wuyansu kamar tsani. Ita ba ta son su ko ɗaya. Ta ce so take yatsanta ya riƙa zamewa, murya ta lanƙwasa yadda ta ga dama. Na ce to ai gurumi ke nan, kika sha wannan wahala. Ta yi dariya. Katakon da ta fara sawa a wuyan taushi gare shi, tsirkiyoyin ƙarfe suka cinye shi suka bar kwari-kwari. Wani tsohon bature a Summerfield da take zuwa aron babban zartonsa ya ce ta nemo itace mai taurin gaske. Ta dawo gida ta wuce bayan ƙofar kicin kai tsaye, ta ƙwanƙwasa taɓarya da yatsa ta kara kunne. Kirya ce fa. Ke kika zaɓe ta a kasuwar Maradi, kin san ba ki sayen banza.

Ta ce Mama, ke kika ce tawa ce.

Na faɗa kuwa. Amma ranar aurenta nake nufi, a sa ta cikin kaya kamar yadda kika sa mini.

Kin tuna rigimar da kika yi sai da aka tura mini ita cikin kwantena? Kika ce mace ba taɓarya baƙuwa ce ko a ɗakinta. To Inna a ƙasar nan sau ɗaya ta ga turmi. Muna haya a apartema a saman bene lokacin, na fara daka, matar da ke ƙasa ta hauro a guje ta ɗauka gini ne zai faɗi. Tun daga ranar na koma niƙa da bilanda. Taɓarya na tsaye, ina shafa mata mai duk salla.

Na tambayi Alhaji babanta, yana kan hanya da kamiyonsa na dakon kaya, ya ce tsakaninku ne ke da 'yarki. Na tambayi Hajiya Rabi ƙawata, ta ce in rufa wa kaina asiri, 'ya mace da jita, gobe a gidan suna da ni za a ci shinkafa. Ban ma ga laifinta ba. Ke da kanki kina cewa gidanmu ba a taɓa yin makaɗi ba.

Amma Inna, ki yi haƙuri zan faɗa. Luguden da kike yi fa? In kun kama daka ke da Gwaggo, ki cilla taɓarya sama ki tafa ki cafe, ki buga gefen turmi ki buga ciki, yara mu bar wasa mu zo mu tsaya. Har masu wucewa rage tafiya suke. Wannan mene ne sunansa? Ni dai ban gada ba, hannuna nauyi gare shi, kin sha faɗa. Jiya na leƙa gareji na ga yadda yarinyar nan ke buga ƙafa tana lumshe ido, wallahi kamar ke nake gani.

Abin da ke cin raina tsakiyar ne. Wurin da hannunki ya cinye ya yi santsi, ya ɗan lotsa. In na kama nan kamar na kama ki. Na ce mata ko za a bar wannan wurin? Ba ta yi mini ƙarya ba, ta ce dole a fere shi ya kwanta sumul, in ba haka ba sauti ba zai fito daidai ba. Kin ji. Hannunki zai koma ɓawon katako a ƙasan garejin bature.

In na hana, ba za ta yi musu ba, ba halinta ba ne. Za ta saya a intanet, taɓarya ta ci gaba da tsayuwa, ran da na mutu a rasa inda za a kai ta. In na bayar, shi ke nan ba ta dawowa. Yau da la'asar tsohon ya ce ta kawo. La'asar ta yi.

Da ma ki zo mini ko a mafarki ki ce a'a, in huta. Allah ya jiƙan ki Inna, ya yalwata makwancinki, ya sa kina kallon jikarki da idon rahama ba da wannan harar taki ba.

Ana buga ƙofar ɗaki. Ita ce, na ji makullan mota a hannunta. Taɓaryar ga ta kan cinyata, na naɗe ta da zanenki mai ruwan bula, ban ma san lokacin da na naɗe ba. Ki yafe mini Inna, bari in buɗe mata.