Sallama Uku a Ƙofar Bayan Mashaya

Jamaica, New York
6 ga Janairu, 1974

Zuwa ga maiɗakina Sauda,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da barka da Sallah. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da yarinyar nan, da Baba da Inna da duk mutanen gida. Ni lafiyata lau, sai sanyin garin nan da kewarku.

Hoton ya iso. Ashe har ta iya tsayuwa ita kaɗai gaban mai hoto? Shekara biyu ke nan, 'yata tana tafiya tana magana, ni kuwa ban taɓa jin nauyinta a hannuna ba. Goshin nawa ne, kada ki yi mini gardama.

Baffa Dikko ya ce ƙarshen watan nan zai rubuta wa Baba. Kin san sharaɗin da Baba ya kafa: ba za ki ƙetare teku ba sai ƙanensa ya shaida zamana da sana'ata, ya kuma sa hannu a takardar biza. In Baffa ya ce to, kafin damina kuna nan. In ya ce a'a, shi ke nan. Saboda haka kullum lallaɓa shi nake yi kamar mai ɗauke da ƙwai.

Sai ga wata rigima ta ɓullo. Ƙungiyarmu ta zumunci, mu talatin da 'yan kai, 'yan Nijeriya da 'yan Nijar da mutanen Zangon Kumasi, duk mako biyu muna haɗuwa ranar Lahadi a falon Baffa, don shi ne shugaba. To, mai gidan da yake haya ya ce ya gaji. Wai takalmanmu sun tare hanya, wai ƙamshin daddawa yana hawa har bene na huɗu. Dole mu nemi wuri.

Wuri biyu aka kawo yau. Na farko wani ɗaki ne a ƙarƙashin coci, can Bronx kusa da Fordham Road. Na biyu Idrissa ne ya kawo shi, wani direba ɗan Maraɗi mai bakin tsiya. Ɗakin baya ne na wata mashaya a nan unguwarmu ta Jamaica, gidan wani ɗan Ailan, Mista Dugan. Ya ce ɗakin yana da ƙofarsa daban ta lungu, giya ba ta shiga, akwai ɗumi, ga tashar jirgin ƙasa kusa, kuma za a dafa mana shayi.

Sauda, ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce Musulmi da gidan giya, har abada! Na ja aya, na ɗaga murya. Idrissa ya yi dariya ya ce yaushe Shitu ya zama limami ba a gayyace su naɗi ba. Baffa bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce ba za a yi ƙuri'a ba sai ya ga wuraren biyu da idonsa. An sa ranar ashirin da bakwai ga wata.

Ki taya ni addu'a a zaɓi cocin. Na san roƙon zai ba ki mamaki, amma kada ki tambaye ni dalili yanzu.

Ki gaishe da Baba da Inna da kyau. Ki shafa mini kan yarinyar nan.

Naki,
Shitu

Jamaica, New York
15 ga Janairu, 1974

Zuwa ga Sauda,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku baki ɗaya, wannan takarda ki karanta ta ke kaɗai, a ɗaki. Ta farkon ma ba ta isa hannunki ba na sani, amma na kasa jira.

Ni ba akawu ba ne a filin jirgi. Na yi aikin, gaskiya ne, wata huɗu. Kamfanin ya rage ma'aikata, ni ne na ƙarshen zuwa, ni ne na farkon fita. Na yi wata biyu ina yawo da takarduna har takalmina ya huje. Wanda ya ɗauke ni a ƙarshe shi ne Mista Dugan. Shekara ɗaya da rabi ke nan ina wanke kofunan giya a kicin ɗin mashayar nan da Idrissa ya kawo. Ta lungu nake shiga, ta lungu nake fita, ba wani Bahaushe da ya taɓa ganina. Can ba Shitu suke ce mini ba, Sam suke cewa.

Wallahi tallahi ko ɗigo bai taɓa shiga bakina ba. Ina salla a ɗakin ajiya a kan kwali. Amma ba zan yi miki wayo ba, hannuna kullum cikin kumfarta yake, kuma atamfar da na aiko miki da Sallah daga nan ta fito. Duk wasiƙar da na rubuta ina ba ki labarin ofis da tebur, ƙarya ce. Kunya ta sa na fara, tsoro ya hana ni dainawa.

Yanzu kin gane. Ranar da ƙungiya ta shiga ɗakin nan, Dugan zai fito ya dafa kafaɗata ya kira ni Sam a gaban Baffa. Na same shi na roƙe shi ya janye tayin. Mutumin ba shi da mugunta, amma bai fahimce ni ba sam. Ya ce wace kunya ce a wanke kofi, shi ubansa da shara ya fara. Ya yarda ya ba ni hutu ranar ƙuri'a, don ina jin ranar za a zo duba ɗakin, amma ya ce ƙarya kam ba zai yi wa kowa ba.

Ga shi Baffa ya je ya ga cocin ranar Asabar, ya dawo yana yatsina fuska. Wurin sanyi kamar randa, ga warin danshi, ga wani gunki a daidai bangon alƙibla. Waɗanda suka goyi bayana jiya, yau sun fara cewa ai ɗakin baya ba mashaya ba ne. Ni kaɗai na rage ina ihu, kuma ihun nawa ya fara sa mutane kallon juna.

Ina neman wani aikin kamar mahaukaci. Amma da ƙarancin man fetur da ake fama da shi bana, ko'ina sallamar mutane ake yi. Ba na iya cin abinci, Sauda. Ina tsoro ƙwarai. In Baffa ya sani, Baba ya sani, kuma ban san shekara nawa yarinyar nan za ta kai kafin in gan ta ba.

Ki yafe mini. Kada ki faɗa wa kowa tukuna.

Mijinki,
Shitu

Jamaica, New York
28 ga Janairu, 1974

Zuwa ga Sauda,

Ina gaishe ki, ina gaishe da gida, Allah ya sa kowa yana lafiya. Abin da nake gudu ya faru, kuma da bakina na jawo shi.

Ni duk shirina a kan Lahadi yake. Na riga na fara tari a gaban mutane don in ce mura ta kwantar da ni in an tashi zuwa duba ɗakin. Ashe Baffa ya ƙudurta zai je shi kaɗai, ba sanarwa, don kada a gyara masa wuri. Ranar Alhamis bayan azahar ina bakin famfo, ana zuba ruwan ƙanƙara a waje, sai na ji sallama a ƙofar lungu. Ko cikin dubu ba zan kasa gane muryar nan ba.

Kin san Baffa. Ƙofar gaba dai ba zai taka ta ba. Kuma shekara goma a Amurka ba su canja shi ba: ko shagon Bature zai shiga sai ya yi sallama, in ya yi uku ba a amsa ba ya juya, ba ya ƙwanƙwasawa, ba ya waiwaye. Ƙofar taku uku ce daga inda nake. Dugan yana can gaba, mai dafa abinci ya fita, ba kowa a kicin sai ni.

Lissafin ya zo mini nan take. In na yi shiru zai tafi, ranar Lahadi ya ce ya je ba a karɓe shi ba, a zaɓi cocin, asirina ya rufu, ku taho. Shiru kawai ake nema a wurina. Na kashe famfo na riƙe numfashi.

Ya yi ta biyu. Na ji yana tari, tarin tsofaffi, ruwa yana dukan lemarsa. Dattijo ɗan shekara sittin, ƙanen mahaifinki, yana tsaye a lungun bola yana yi wa gida fatan aminci, ni kuma Musulmi ɗaya tak a gidan ina laɓe. Na ce wa kaina minti ɗaya ne, ka daure, don 'yarka.

Ya yi ta uku. Na ji takalminsa ya juya. Sauda, ban yanke shawara ba, ba zan yi miki ƙaryar jarumta ba. Bakina ne ya amsa, da ƙarfi kuwa, har da wa rahmatullahi. Da na ji muryata na san asirina ya tonu.

Na buɗe. Na durƙusa a jiƙaƙƙen siminti na gaishe shi, da rigar aiki a jikina, kumfa har gwiwar hannu, kofunan giya jere a bayana. Ya amsa gaisuwar daki-daki, har da tambayar gajiya, kamar a zauren gida muke. Bai tambaye ni komai ba. Ya ce in nuna masa ɗakin. Ya duba tagogi, ya tambayi gabas, ya taɓa bututun ɗumi. Dugan ya shigo ya kira ni Sam, ya yi ta yabona wai bai taɓa samun ma'aikaci irina ba. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Baffa ya yi masa godiya ya tafi.

Kwana uku bai neme ni ba. Jiya aka yi ƙuri'a a falonsa. Kafin a ɗaga hannu na miƙe na faɗi inda nake aiki, don kada su ji a bakin Bature. Idrissa, mai bakin nan, shi ne ya matsa mini wuri na zauna. Mutum ashirin da uku suka zaɓi gidan Dugan, takwas suka ƙi, biyu sun ce sun bar ƙungiyar. Sharaɗin Baffa shi ne ta lungu za a riƙa shiga, kuma a sayo kofunan ƙungiya daban.

Da aka watse ya tsayar da ni. Ya ce aikin bai dace da ni ba, zai taya ni neman wani, amma ba aikin ne ya ƙona masa rai ba. Abin da ya ƙona masa rai shi ne na ja ayar Allah a gaban jama'a don in rufe ƙaryata. Na yi kuka, Sauda, ban ɓoye ba. Sai ya miƙo mini takarda da ambulan mai adireshin Baba, ya ce ni zan rubuta da hannuna, shi zai sa hannu a ƙarƙashin duk abin da yake gaskiya. Na rubuta komai. Ya karanta, ya ƙara layi biyu da ajami bai nuna mini ba, ya liƙe.

Takardar Baba tare da wannan za ta taso. Yanzu sai abin da Baba ya ce. Ki roƙa mana Allah.

Naki har kullum,
Shitu

Jamaica, New York
4 ga Maris, 1974

Zuwa ga Sauda,

Gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da yarinyar nan. Allah ya ƙara wa Baba da Inna lafiya.

Amsar Baba ta iso hannun Baffa shekaranjiya, ya kira ni ya karanta mini. Baba ya yi faɗa shafi guda, na kuwa cancanta. A ƙarshe ya ce tun da Dikko ya tsaya mini, ya ba da izini. Har na fara hamdala, sai na ga Baffa bai ninke takardar ba. Ya karanta sauran. Baba ya ce ya kira ki ya faɗa miki ki shirya, kika ce ba za ki ba. Ya tambaye ki ko saboda giyar ne, kika ce a'a. Kika ce shekara ɗaya da rabi kina kwana da wasiƙun wani akawu a ƙarƙashin matashi, kina karanta wa 'yarki, yanzu an ce babu shi, ke kuwa ba ki san Sam ba, ba za ki ɗauki 'ya ki bi baƙo wata duniya ba. Baba ya ce ba zai tilasta miki ba.

Duk tsawon lokacin nan Baffa nake tsoro, Baba nake tsoro. Ko sau ɗaya ban zauna na ji tsoronki ba, kuma ke na fi zalunta. Har a takardar da na tona miki asirina, roƙonki na yi ki taya ni rufewa. Sai yanzu na gani.

Takardar biza tana nan, Baffa ya sa hannu, tana aiki wata shida. Ba zan sa kowa ya matsa miki ba. Ga abin da ke akwai: ɗaki ɗaya ne a bene na uku, banɗaki na haɗaka, taga tana kallon bango. Har yanzu ina gidan Dugan, sabon aikin kuwa alkawari ne kawai. Na rame, furfura ta fito mini a gefen kai. Abin da ban faɗa ba ki tambaya, zan amsa ko da zai ƙara nesanta ki.

Wasiƙa uku na aiko, ban ga rubutunki ba. Kullum da rana sai na sauka na buɗe akwatin wasiƙa. Ki rubuto, Sauda, ko da zagi ne.

Ni ne,
Shitu