Tokar Mijina Tana Bayan Gidan da Zan Sayar

Anti Glenys, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle.

Mijina Emlyn ya rasu bara. Gidanmu cikin tsofaffin gidajen jere na masu haƙar kwal yake, bango ɗaya muke da maƙwabta, ɗaki biyu sama, biyu ƙasa. Kullum yana tsokanata, wai, "Tsohuwa, ko na mutu ina nan, ba ki rabu da ni ba." Shi ya sa da aka ƙone gawarsa aka ba ni tokar, ban bar ta cikin tulu ba. Na barbaɗa ta a ɗan filin bayan gida inda yake shuka albasa, na juya ƙasar da hannuna.

Yanzu gwiwoyina sun gaza, da rarrafe nake hawa bene. 'Yata Nerys ta ce in koma wurinta, har an kafa allon sayarwa a ƙofa. Wani ango da amaryarsa sun zo sun duba, suna so. Ina haɗa musu shayi na ji yarinyar tana cewa za su zuba siminti a filin, su faɗaɗa kicin. Siminti, Anti, a kansa. Ni kuwa har biskit na ƙara musu. Nerys ta ce, "Mama, kada ki soma faɗa musu, guduwa za su yi." In fasa sayarwa ne? Ko in yi shiru?

Matar Emlyn

Baiwar Allah, ina yi miki ta'aziyya.

Nerys ba mugunta take yi ba, tsoro take ji kada wata rana a tsince ki a gindin matakala. A nan tana da gaskiya: ki sayar. Amma shirun ban yarda da shi ba, ke zai ci. Ki faɗa musu da bakinki kafin a sa hannu. In sun janye, wasu za su zo. In sun tsaya, kada ki roƙe su su fasa ginin, gidan nasu zai zama.

Ki sa a kwashe ƙasar saman filin a manyan tukwanen shuka, ki tafi da su. Ba zan yaudare ki ba, ruwan shekara guda ya riga ya kai wani ɓangare na tokar ƙasa, inda shebur ba zai kai ba. Wannan zai kwana ƙarƙashin siminti, kuma ba ni da dabarar da zan ba ki a kansa.

Ranar kwasar, kada ki tsaya ke kaɗai. Allah Ya sanyaya miki zuciya.

Anti Glenys